Tarihin Agogon Wani Mai Kusurwa Huɗu da Zamansa a Fagge da Sabon Gari

Tun kafin agogo ya zama abin ɗaurawa a wuyan hannu, mutanen ƙasar Kano sun riga sun raba yininsu da darensu rabo tsararre, wanda shari'a ta aza harsashinsa, al'ada kuma ta ɗora gini a kansa. Domin kuwa daga asuba sai hantsi, daga hantsi sai walaha, sannan rana ta take tsaka, ta gusa a kira azahar, inuwa ta miƙe a kira la'asar, har a kai ga la'asar sakaliya da almuru da lisha, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ladani ko manomi ko madugu yake jiran a karanto masa daga fuskar wani ƙarfe. Ɗalibin da ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid a zauren malaminsa ya san azahar tana shiga ne idan rana ta gushe daga tsakiyar sama, inuwa ta soma ƙaruwa, la'asar kuwa idan inuwar kowane abu ta kai tsawonsa bayan an fid da inuwar zawali. Malaman hisabi suna riƙe da lissafin manzilolin wata 28, da su suke gane shigowar bazara da faɗuwar damina. Ayarin Azbinawa da ke sauka a Fagge, a bayan ganuwa, da raƙumansu ɗauke da gishirin Bilma da dabino, fitowar Gamzaki ta ishe su sanin lokacin ɗaura kaya. Saboda haka duk wanda zai ba da tarihin agogo a wannan gari, wajibi ne ya fara da sanin cewa agogon ya tarar da mutane masu kiyaye lokaci, ya shiga hidimarsu, kuma darajarsa a wurinsu ta kasance gwargwadon yadda ya riƙe amanar wannan hidima.

Sha'anin na'urar auna lokaci ma ba baƙo ba ne ga Musulmi. Marubutan fadar Sarki Sharlaman sun rubuta cewa a shekarar 807 Halifa Haruna Rashidi ya aiko masa da agogon ruwa na tagulla, wanda yake sakin 'yan ƙwallaye su faɗa kan ƙarfe duk sa'a; al-Jazari ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, cike da zanen agogunan ruwa; manyan masallatai kuma a da suna da ma'aikaci na musamman da ake kira muwaƙƙiti, wanda ba shi da wani aiki sai ƙididdige lokutan salla, mafi shahara a cikinsu shi ne Ibn Shaɗir na Masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375. Amma agogon da ke tafiya da ƙarfin naɗaɗɗen sifirin, wanda mutum zai iya ɗauka a jikinsa, a Turai aka ƙago shi a farkon ƙarni na 16, a biranen Jamus irin su Nuremberg, bai kuwa zama abin dogaro ba sai bayan 1675, sa'ad da Huygens, masanin ƙasar Holan, ya ƙara masa wani siririn sifirin mai kaurin gashi wanda yake daidaita bugunsa.

A ƙasar Hausa agogo ta ƙofar fada ya fara shigowa, a matsayin gaisuwar baƙi ga sarakuna. Sa'ad da Clapperton, Baturen Ingila wanda aka sani a nan da sunan Abdullahi, ya ratsa Kano a farkon 1824 ya isa Sakkwato, ya tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello mutum ne masanin falaki, wanda ya dudduba na'urorin awon da baƙon ya zo da su, ya kuma kira taurari da sunayensu na Larabci. Da Baturen ya komo a 1826, a cikin tsarabar da ya gabatar akwai agogo da littafin Iƙlidisu na handasa da harshen Larabci. Agogunan wancan zamani na aljihu ne da na tebur, ana yi musu wani da ɗan makulli dabam, wanda idan ya ɓace aikin agogon ya tsaya ke nan, har zuwa shekarun 1840 da Adrien Philippe da waɗansu maƙera suka fito da dabarar yin wani da ɗan kan da ke maƙale a jikin agogon kansa. Duk da haka, har ƙarni na 19 ya ƙare, agogo a nan kayan taska ne, abin nuna wa baƙo a sha mamaki; kasuwar Kurmi tana ci tana tashi, ladanai suna kiran salla, ba tare da an nemi shawararsa ba.

Abin da ya sauya wannan hali shi ne jirgin ƙasa. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, zamanin da sarauta ta koma hannun Sarki Abbas. A 1909 Ɗan Hausa, wanda asalinsa mutumin Basel ne ta ƙasar Suwizalan, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, inda ake shiga aji a fita da bugun ƙarfe. A 1911 dogo ya iso Kano, a shekarar da ta biyo gyaɗa ta yi daraja irin wadda ba a taɓa gani ba, kamfanonin Turawa suka kakkafa kantuna a wajen gari. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan jirgi da masu sana'o'i da suka zo daga kudu da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau, Kwarori kuma, wato mutanen Sham da Labanan, suka zauna a Fagge ta Kudu, inda Kantin Kwari ya samo asali. To, jirgi ba ya tashi da hantsi ko da walaha, da ƙarfe kaza da minti kaza yake tashi, kuma tilas ne ƙarfen nan ya zama ɗaya tun daga Ikko har Kano, in ba haka ba jirage biyu su haɗu a kan dogo ɗaya. Aka kuwa ɗora Nijeriya duka a kan lokaci guda, wanda tun daga ranar 1 ga Satumba 1919 ya zama sa'a ɗaya gaba da na Girinwic ta Ingila. Shi kuwa wannan lokaci na hukuma ya riga ranar Kano da kimanin minti 26, shi ya sa zawali a nan ba ya faɗawa daidai ƙarfe 12, sai dai ya yi ta kai da komo tsakanin wajen 12:10 a watan Nuwamba da wajen 12:40 a watan Fabrairu. Aikin malamai ne ya zama su daidaita hukuncin inuwa da lambobin agogo, su fitar da jadawalin da ake liƙawa a bangon masallatai har yau.

A daidai waɗannan shekaru ne agogo a Turai yake ƙaura daga aljihu zuwa wuyan hannu. Da farko kayan adon mata ne: Breguet ya karɓi aikin ƙera wa Sarauniyar Napoli irinsa a 1810, Patek Philippe kuma suka yi wa wata basarakiya ta ƙasar Hangari a 1868, maza suna ganin ɗaura shi ragwanci ne. A 1904 Louis Cartier na birnin Faris ya ƙera wa abokinsa Santos-Dumont, matuƙin jirgin sama ɗan ƙasar Birazil, agogo mai kusurwa huɗu, domin ya riƙa ganin lokaci ba tare da ya saki abin tuƙi ya laluba aljihu ba, aka kuma fara sayar da irinsa ga jama'a a 1911. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo ya kammala al'amarin, domin hafsan da ke cikin ramin yaƙi, wanda aka umarce shi ya tasar wa abokan gaba a minti kaza, ba shi da sararin ciro agogo daga aljihu. Da sojoji suka komo gida da shi a hannu, babu wanda ya ƙara ce masa na mata. A 1917 Cartier ya zana wani sabon fasali, wanda ya ɗauko daga surar tankar yaƙi ta Renault idan an dube ta daga sama, da sanduna biyu miƙaƙƙu a gefe suna riƙe da gilashi suna kuma zarcewa su kama maɗauri. Ya kira shi Tank, ya fitar da shi kasuwa a 1919, kuma daga gare shi ne mafi yawan agogunan da muke magana a kansu suka gaji kamanninsu.

Shekaru ashirin da suka biyo baya su ne zamanin mai kusurwa huɗu. Bayan babban baje kolin zane da ƙira da aka yi a Faris a 1925, miƙaƙƙen layi ya zama abin yayi a gini da kujera da tufafi, masu agogo kuma suka shiga gasa. Rolex suka fito da Prince a 1928, dogo mai fuska biyu, ta sama tana nuna sa'a da minti, ta ƙasa tana nuna daƙiƙa, har aka riƙa ce masa agogon likita saboda sauƙin ƙirga bugun jini da shi; Gruen ta Amurka ta fito da Curvex a 1935, wanda injinsa kansa aka tanƙwara shi domin ya bi lanƙwasar hannu. Amma wanda labarinsa ya fi kusa da mu shi ne Reverso. An ruwaito cewa hafsoshin Ingila masu wasan folo a Indiya sun koka wa wani ɗan kasuwar Suwizalan, César de Trey, cewa sanda da ƙwallo suna farfasa musu gilashin agogo; ya kai maganar ga gidan LeCoultre da na Jaeger, aka sa injiniya René-Alfred Chauvot ya tsara gidan agogo mai zamewa a kan 'yar hanyarsa ya juya baya, gilashi ya ɓuya ciki, baƙin ƙarfe ya fuskanci duka, aka kuma yi rajistar wannan dabara a Faris ranar 4 ga Maris 1931. Wanda ya san cewa a farkon shekarun 1920 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kafa wasan folo a garinsa, ɗansa Usman Nagogo kuma ya zama gwanin da aka sani har ƙasashen waje, ba ya bukatar a bayyana masa matsalar da Reverso ya zo warwarewa, domin ya ga yadda dawaki ke gogayya da yadda sanda ke tashi a filin Katsina da na Kano.

Ya kamata a tsaya a dubi cikin wannan ɗan ƙarfe, domin a nan ne hikimarsa take. Idan an murɗa kan wani, sifirin da ke naɗe cikin 'yar gangarsa ya ƙara matsewa ya tara ƙarfi. Ƙarfin nan ya bi ta jerin ƙafafu masu haƙora, kowace tana juya ta gabanta da sauri fiye da nata. A ƙarshen jerin akwai ɗan ƙarfe mai baki biyu wanda ke tare ƙafar ƙarshe, ya sake ta haƙori ɗaya, ya sake tarewa, shi kuma yana bin umarnin wata 'yar ƙafa mai kai da komo, wadda a yawancin agogunan wancan zamani take bugawa sau 5 a daƙiƙa, wato sau 18,000 a sa'a, sau 432,000 a yini da dare. Domin kada ƙarfe ya ci ƙarfe, ana dasa 'yan duwatsun yaƙutu a mazaunin kowace ƙafa, 15 ko 17 a agogo na kirki, kuma tun da Verneuil ya bayyana hanyar ƙera yaƙutu a 1902 duwatsun nan suka yi araha. Duk wannan aiki na juyawa ne, abin da ke juyawa kuwa da'ira yake so. Saboda haka wanda zai sa shi a gida mai kusurwa huɗu, ɗayan biyu ne: ko ya sa ƙaramin inji zagayayye ya bar kusurwoyi fanko, ko kuwa ya sake tsara injin tun daga tushe, ya jera ƙafafun a tsaye su cika gidan. Hanya ta biyu ita ce mai wuya da tsada, ita ce kuma masana suke fara nema idan sun buɗe bayan agogo.

Manyan sunayen nan na Faris da Janiba kayan 'yan ƙalilan ne a ko'ina cikin duniya. Abin da ya wadata shi ne ƙannensu, domin ƙananan masana'antun Suwizalan sun kwaikwayi fasalin, suka yi shi da baƙin ƙarfe ko da farin ƙarfe mai rufi, suka aika da shi duk inda jirgin ruwa ke zuwa. Kano kuwa a lokacin Sarki Abdullahi Bayero, daga 1926 zuwa 1953, gari ne da kuɗin gyaɗa da fata da auduga ke yawo a cikinsa, ga kantunan UAC, wadda aka haɗa a 1929, ga John Holt da G.B. Ollivant da CFAO, ga UTC ta mutanen Basel, ga kuma shagunan Kwarori da na Indiyawa. Waɗanda aikinsu ya ɗaure su da minti su ne suka fara ɗaura agogo: mai kula da tasha, da akawun kanti, da malamin asibiti, da ma'aikacin gidan waya, sannan malaman En'e da malaman makaranta, sannan dillalan gyaɗa da ke son su riga jirgi. Mai kusurwa huɗu ya dace da tufafinmu dacewa ta musamman, domin siriri ne, ba ya da tudu, yana kwanciya a ƙarƙashin hannun kaftani ba ya kama zare, idan kuma mutum ya yafa hannun babbar riga a kafaɗa sai ya bayyana a natse, ba da ƙyalƙyalin da zai ja ido ba. Da yake shari'a ta haramta wa maza ado da zinariya, mai tsantseni yakan zaɓi na baƙin ƙarfe, wanda a Turai ake ɗauka shi ne na mai ƙaramin ƙarfi. Maɗaurinsa na fata kuwa, idan gumi ya cinye shi, dukawan Kano ba su rasa jar fatar akuyar da za su yanka masa sabo.

Wanda ya taso a gidan da ake da irin wannan agogo ya san yana da ladabinsa. Maigida ya dawo daga sallar asuba, ya zauna a kan buzu, ya ɗauko agogon daga inda ya kwana, ya riƙe shi da hannun hagu, ya kama kan wanin da babban yatsa da manuniya ya riƙa murzawa a hankali, yana sauraron ɗan ƙaran da haƙora ke yi, har ya ji ya yi tauri, sai ya tsaya nan take, domin murɗa ɗaya bayan wannan tana iya tsinka sifirin. Wanin nan zai riƙe shi yini da dare da ɗan ƙari, saboda haka gobe war haka sai an sake. Sannan ya kara shi a kunne, ya ɗaura. Daidaita shi kuma yana da nasa lokaci: da can da jiniyar ma'aikata ko agogon tasha, daga baya da rediyo, musamman bayan Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a watan Maris na 1957, sa'ad da mutane suka saba da jin ƙarfe kaza agogon GMT, ƙarfe kaza agogon Nijeriya da Nijar. A watan azumi darajarsa takan ninku, yara su yi ta zarya suna tambaya, “Baba, saura minti nawa a sha ruwa?” shi kuma ya duba ya faɗa, amma ba mai kai dabino baki sai an ji ladani. Wannan kulawa ta kullum ce ta sa aka yi masa kirari da agogo sarkin aiki.

Dalilan da suka kawar da shi daga hannayen mutane suna da yawa, kuma waɗansunsu namu ne na gida. Gida mai kusurwa yana da wuyar toshewa, ruwa da ƙura suna samun hanya ta kusurwoyinsa da ta gindin kan wani. Mutumin da ke alwala sau biyar a yini kuwa tilas ya kwance shi kowane karo, ranar da ya yi gaggawa ya bar shi a hannu sai raɓa ta kwanta a cikin gilashi, tsatsa ta bi baya. Ƙurar hunturu tana shiga ta gauraya da man da ke kan duwatsu ta zama abin da ke cin ƙarfe. Idan gilashinsa ya fashe, ba a samun madadinsa a take kamar na zagayayye, sai an yanko an goge an gwada. A can Turai kuma Rolex sun riga sun fito da gida mai hana ruwa a 1926, da inji mai yi wa kansa wani da motsin hannu a 1931, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya saba wa maza da zagayayyen agogon soja. Da aikin hajji ta jirgin sama ya yawaita daga filin jirgin Kano, alhazai suka riƙa dawowa da tsarabar agogo daga kasuwannin Makka da Jidda, Seiko 5 da aka fara yi a 1963 da Rado da Orient da Citizen suka cika gari, masu sarƙar ƙarfe da ba ta jin ruwa. Sai babbar guguwa ta taso ranar 25 ga Disamba 1969, da Seiko ta fitar da Astron mai aiki da batir. Cikin shekaru goma sha biyar ma'aikatan agogo a Suwizalan suka ragu daga kimanin 90,000 zuwa kimanin 30,000, kamfanoni kuma daga wajen 1,600 zuwa wajen 600. Casio na roba ya zo ya wadaci yaro da babba, daga 2001 kuma wayar salula ta sa mutane da yawa suka daina ɗaura komai. Mafi muni, da farashin zinariya ya kai dala 850 kowane oza a Janairun 1980, an narkar da gidajen tsofaffin agoguna masu yawa a duniya, aka watsar da injinansu.

Wanda ya riƙe ragowar wannan ilmi a garinmu shi ne mai gyaran agogo, wanda har yanzu akan same shi jefi-jefi a bakin kasuwar Sabon Gari da lungunan Fagge, da ɗan teburinsa mai akwatin gilashi, an jera agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba. Yawancin aikinsa a yau sa batir ne da rage sarƙa. Amma a miƙa wa dattijo daga cikinsu tsohon mai wani, sai a ga zamansa ya sauya. Zai shimfiɗa farin ƙyalle, ya maƙala madubin ƙara girma a ido, ya sa bakin 'yar wuƙa ya ɓalle bayan, ya taɓa ƙafar nan mai kai da komo da tsinin hantsaki ya ga ko za ta amsa. In ta yi rawa ta tsaya, sai ya ce, “Alhaji, da ransa, datti ne ya riƙe shi, sai an wanke.” Daga nan ya warware shi ɗaya bayan ɗaya, ya jera sukurori waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba a cikin murfin gwangwani, ya wanke kowace ƙafa da fetur da ɗan buroshi, ya bari ta bushe, ya ɗiga mai da bakin allura a kan kowane dutse, ɗigon da ido ba ya gani sai da madubi, sannan ya mayar da kowa mazauninsa. Ba ya sallamar mai shi a ranar. Zai ce a bar masa shi kwana biyu ko uku, ya ga ko yana gudu ko yana latti. Abin da ya ɓace kuwa daga gwangwanayen matattun agoguna yake nemo shi, waɗanda ya tara tun yana yaron shago.

A Turai, bayan guguwar batir ta lafa, sai mutane suka waiwayi abin da suka yar. Tun ma kafin ta lafa, a 1972, wani ɗan kasuwar Italiya, Giorgio Corvo, ya sayi ragowar gidajen Reverso 200 da suka yi shekaru a ajiye a masana'anta, aka sa musu inji, suka ƙare nan da nan, wannan ne ya sa kamfanin ya farfaɗo da shi. Manyan gidajen gwanjo na Janiba da Landan da New York suka buɗe sashen agogon hannu, aka samu jama'a masu tara tsofaffi, waɗanda suke da sharuɗɗa masu tsanani. Suna son fuskar agogo ta asali ko da ta yi ja saboda shekaru, suna ƙin wadda aka sake fentawa. Suna son kusurwoyin gida da kaifinsu, domin gogewa da yawa tana cinye su. Suna gwada lambar da ke jikin inji da ta jikin gida da kundin masana'anta, su tabbatar ba haɗe-haɗe ba ne. Sama da duka suna tambayar ta hannun wa da wa ya biyo, kuma ɗalibin hadisi zai gane wannan nan da nan, domin neman isnadi ne: matani ɗaya ne, amma wanda silsilarsa ta tabbata ba a haɗa shi da wanda aka tsinta ba a san mai ruwaito shi ba. Shi ya sa Tank ɗin Jacqueline Kennedy, wanda aka ba ta kyauta a 1963 da rubutu a bayansa, aka sayar da shi dala 379,500 a gidan Christie's a watan Yuni na 2017, alhali irinsa da ba a san tarihinsa ba bai kai kusa da haka ba. Sauran abin da ke jan su kuwa shi ne ƙanƙantarsa da kunyarsa a zamanin manyan agoguna masu nauyi, da kuma yaƙinin cewa abin da aka ƙera da ƙarfe da yaƙutu, muddin akwai mai hannu, ana iya tayar da shi bayan shekara ɗari.

Ba don a kwaɗaitar da kowa da dala aka kawo wannan ba, domin galibin abin da ke cikin adakokin gidajen Fagge da Sabon Gari ba zai yi tsada a Janiba ba, kuma wanda ya sa rai da haka zai zama ganimar 'yan damfara da masu sayen tsofaffin kaya da arha. Darajarsa a wurinmu ta shaida ce. Agogon akawun tasha, ko na malamin En'e, ko na dillalin gyaɗa, hujja ce a hannu ta zamanin da Kano ta karɓi lokacin jirgi da na kanti ba tare da ta saki lokacin salla ba, kuma irin wannan hujja ta fi ƙaranci a kowace shekara. Idan maigida ya rasu, agogonsa yana cikin tarika, a yi masa ƙima a raba bisa ƙa'idar gado. Abin da ya fi kyau shi ne ɗaya daga cikin magada ya karɓe shi a cikin rabonsa, maimakon a sayar wa mai awon ƙarfe. Wanda ya karɓa kada ya ba da shi a fenta fuskarsa ko a goge gidansa, kada ya matsa masa wani in ya ƙi tafiya, ya nisanta shi da ruwa, ya kai shi a wanke duk bayan 'yan shekaru, sannan ya samu takarda ya rubuta sunan mai shi na farko, da sana'arsa, da inda ya saya, da shekarar, tun dattawan da suka sani suna raye.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran gaggawa, shi ne sana'ar kanta. Masu gyaran da suka koyi aiki a kan injin wani tsufa ya cim musu, yaransu kuma sun koma gyaran waya, inda ciniki yake. Garin da ya riƙe rini a Ƙofar Mata da jima da dukanci ƙarni bayan ƙarni bai kamata ya gaza samun samari 'yan kaɗan da za su zauna gaban waɗannan dattawa su karɓi abin da ke hannunsu ba. Makarantun koyon sana'a na jiha da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da ikon ɗaukar nauyin wannan da kuɗi kaɗan, masu agogo kuma suna da nasu rabon, wato su kai aiki, su biya ladan da ya dace da wahalarsa ba tare da ciniki mai tsanani ba. In an yi haka, jikokinmu za su tarar da agogunan kakanninsu suna tafiya, su kuma tarar da wanda zai gyara musu su a Fagge, ba sai sun aika da su wata ƙasa ba. Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya sa albarka a lokacinmu.